Ranar da Na Raka Yaya Asibiti

Lokacin cirar gyaɗa ne yayata ta dawo gida da rana tsaka, mayafi ya rufe rabin fuskarta. Inna ta ɗaga mayafin, ta saki salati. Ba ranar mijinta ya fara dukanta ba, amma wannan karon jini ne ke fita ta kunne.

Baba ya ce a gasa mata da ruwan zafi, magana ta tsaya cikin gida. Inna ba ta taɓa musa masa ba sai ran nan. Ta ce, "Malam, wannan ya fi ƙarfin ruwan zafi." Washegari na raka Yaya, muka hau mota daga Minjibir zuwa birni.

A asibiti aka kai mu wani ɗaki can baya, inda ake duba matan da aka ci zarafinsu. Likitar mace ce, ta manyanta. Ta jawo kujera ta zauna.

"Baiwar Allah, duk inda zan duba sai na tambaye ki. In kin ce a'a, na bari. Abin da na gani zan rubuta, ko za ki so kai wa alƙali."

Da Yaya ta yarda aka ɗaga rigarta, na ga shatin igiya, sabo a kan tsoho. Likitar na auna kowane tabo tana ɗaukar hotonsa. "Wannan fa, na yaushe ne?" Yaya na amsawa: na damina, na bayan suna, na cikin azumi. Duk lokutan nan ina zuwa gidanta, mu zauna muna ɓarar gyaɗa muna dariya.

Ba ta yi kuka ba sai da likitar ta ce, "Zan iya riƙe hannunki?" Nan ta fashe. Da ƙyar ta ce, "Tunda aka kai ni gidan mutumin nan ba wanda ya taɓa tambayata."

Dodon kunnen ya fashe, ba gyara. Alƙali ya ga rahoton likita, ya raba auren. Amma 'ya'yanta na hannun dangin ubansu, Baba kuma ya hana a sake komawa kotu.

Bara muka haɗu da babbar 'yarta a wani biki a Bagwai. Yaya ta miƙe tana kiran sunanta. Yarinyar ta dube ta, ta kau da kai. An gaya mata uwarta ce ta tona wa ubanta asiri. Yaya ta koma ta zauna, ta ce in miƙo mata ruwa.