Kawu Mai Almakashi da Amanar Inna

Shekara talatin da ɗaya, kafin masu shagunan layin su ɗaga ƙofofinsu, Kawu Mai Almakashi ya riga ya share gaban nasa ya yayyafa ruwa. Shagon ɗan ƙarami ne, a manne da asibitin dabbobi. In ka leƙa za ka ga teburin ƙarfe guda, baho biyu, tawul a shanye kan igiya, sai wani allon katako da aka kakkafa wa ƙusoshi, kowace ƙusa da mataji a rataye. Bai taɓa haɗa wa dabba biyu mataji ɗaya ba. Zai ɗora ruwa a wuta, ya sirka, ya tsoma gwiwar hannu ya ji ɗuminsa kamar mai shirin wankan jariri. Sannan ya ɗaura rigar robarsa, ya kunna ɗan rediyonsa can ƙasa-ƙasa, domin a cewarsa kare ba ya son hayaniya, kyanwa kuwa ba ta son komai.

Sana'arsa ke nan: wanke karnuka da kyanwoyi, taje su, rage musu gashi, yanke farce, goge kunne. Wanda zai yi dariya ya yi. Ni ma na yi tawa, har ma na fi kowa.

Ni ce autar gidanmu, ko in ce ni ce auta kafin Inna ta tsinto wata kyanwa mai dogon gashi a bayan katanga ta raɗa mata suna Toka. Daga ranar sarautata ta ƙare. "Miƙo wa ƙanwarki ruwa," haka Inna ke ce min, ina matar aure da 'ya'ya biyu! Kowace Talatar farko ta wata sai ta saka Toka a kwando ta rufa mata tsohon mayafi, ta taka har shagon Kawu. Nakan ce, "Haba Inna, kyanwa fa da sabulunta a baki aka haife ta. Wa ya taɓa jin an kai ta wanki da guga?" Sai ta ce, "Ke ma da hannuwanki biyu aka haife ki, amma har yau wata ke yi miki kitso." Bakin Inna dai ba a kai masa ƙarshe.

Abin da ban sani ba a lokacin, wankan shi ne mafi ƙanƙantar aikin. Kafin ɗigon ruwa ya taɓa dabba, Kawu zai ɗora ta kan tebur, ya rufe ido, ya bi jikinta da tafin hannu tun daga hanci har ƙarshen wutsiya. Ya shiga bayan kunne, ya shiga hammata, ya bi ciki, ya ware yatsun ƙafa ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga leɓe ya shinshina. In an tambaye shi dalilin rufe idon sai ya ce, "Ido gashi kawai yake gani. Fata sai hannu."

Ku tambayi mai gadin ma'ajiyar katako. Karensa ya yi wata guda yana kaɗa kai yana gurnani, har ana raɗe-raɗin ya haukace, a kashe shi kafin ya ciji wani. Kawu ya sa aka riƙe masa shi, ya leƙa kunnen, ya zaro kaska bakwai a jere sun sha sun yi tiɓis. Karen nan ya ƙara shekara biyar yana gadi. Ku tambayi tsohuwar malamar asibiti da ke ƙarshen layi, wadda Kawu ya ji wani ɗan ƙari kamar ƙwayar wake a cikin karyarta, tun bai isa a gan shi da ido ba. Bai taɓa ba da magani ba, ko na tsutsar ciki. Yakan ƙwanƙwasa bangon da ke tsakaninsa da likitan dabbobi ya ce, "Likita, ga wani na turo. Ni ɗan aike ne." Likitan da bakinsa ya gaya min cewa da yawa daga cikin dabbobin da aka yi masa godiya a kansu, hannun Kawu ne ya fara gano ciwonsu, shi dai ya ƙarasa ne kawai.

Kai ne, Kawu, wanda yara suka bi da waƙar "mai wankan kare" ka juyo ka raba musu alewa. Kai ne mai hannu duk tabon yaƙushi da cizo, ba ka taɓa rama wa dabba ko ɗaya ba. Na san waɗannan duka daga baya ne. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, a cikin gidanmu ya faru.

Shekara shida ke nan da Inna ta rasu, Allah ya ji ƙanta. Da masu gaisuwa suka watse, yayyena suka koma gidajensu, sai gidan ya rage daga Baba sai Toka, sai ni da nake zuwa kullum da hantsi in yi girki. Baba tsohon ma'aikacin gidan waya ne, mutum mai tsare gida, wanda ya shekara goma yana cewa ba ya son kyanwa alhali duk mun san wanda ke zubar da tsoka a ƙarƙashin tebur. Talatar farko ta zo ta wuce, babu wanda ya tuna da kwando. Ko da na tuna ma ba zan kai ta ba, a ganina ai shagalin Inna ne, ya tafi tare da ita.

Sai Toka ta fara ƙin abinci. Ta daina lasar jikinta, gashin nan mai sheƙi ya cukurkuɗe ya yi dunƙule-dunƙule. Ta haye kujerar Inna ta kwanta, ko Baba ya kira ta sai dai ta ɗago kai ta yi wani siririn kuka ta mayar. Duk wanda ya shigo sai ya girgiza kai ya ce, "Allah sarki, kewa ce. Dabba ma ta san rashi." Mu ma muka yarda, don maganar tana da daɗin ji.

Matsalar ita ce Baba ya ɗaura ransa a jikin nata. Ita ba ta ci, shi ba ya ci. In na ajiye masa kwano sai ya tura gefe. Ya daina fita ko ƙofar gida, takalminsa ya yi ƙura a bayan ƙyaure. Wata rana na ce bari in kai ta wurin likita, ya daka min tsawa: "Ki bar ta, Auta! Uwargijiyarta take nema. In ta tafi, sai ku fara shirin nawa." Wallahi na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. Na binne uwa, ga shi ina kallon uba yana zamewa a hankali, kuma duk abin ya rataya a kan numfashin wata 'yar kyanwa da ta koma ƙashi da gashi.

Ana cikin haka, wata safiya ina wanke-wanke na ji sallama. Na fito na ga dattijo da jaka a rataye, gumi ya jiƙa masa riga.

"Don Allah, 'yata, nan ne gidan Toka?"

Gidan Toka! Gidan da ubana ya gina da guminsa. Na ce nan ne. Ya ce shi ne mai gyara ta, wata uku matajinta yana rataye ba a taɓa ba, ya yi ta tambaya layi-layi har aka nuno masa. Da na gaya masa Inna ta rasu, sai ya zauna a kan dakali. Ya yi mata addu'a, sannan ya ce a nuna masa kyanwar.

Baba yana zaune kusa da kujerar, ko ɗago kai bai yi sosai ba. "Malam, kada ka wahalar da kanka. Kewa ce, ba ta da magani."

Kawu ya ce, "Gaskiya ne, Maigida, kewa ba ta da magani. Amma a bar ni in ji ko ita kaɗai ce."

Ya durƙusa, ya rufe ido, ya ɗora hannu. Toka da ba ta barin kowa ya taɓa ta, sai ta yi lamo. Da ya kai hammata ya tsaya, ya ciro almakashi ya yi ta yanka a hankali har ya ɗaga wani curin gashi da ya daskare. Ƙarƙashinsa gyambo ne ɗanye yana ruwa. Ya ware ƙafar gaba, sai ga farce biyu sun yi tsawo sun lanƙwashe sun nutse cikin naman tafin ƙafarta. Ya ɗaga leɓenta, warin da ya fito sai da na kau da kai. Haƙori ne ya ruɓe, dasashin ya kumbura.

"Maigida, duba nan," in ji shi. "Ba ƙin abinci take yi ba, taunawa ce ta gagara. Da ciwon bakin nan ba za ta iya lasar jikinta ba, shi ya sa gashin ya dunƙule ya ci fata. Kiran da kake mata kuwa tana ji, takawa ce ta zama azaba. Kyanwa in ta manyanta sai an taya ta."

Baba ya daɗe yana kallon ƙafar nan. Can ya ce, "Wato duk kwanakin nan ciwo take gaya min, ni kuma ina jin abin da nake son ji." Ya miƙe, ya jawo takalmin nan mai ƙura ya zura. Na kai hannu zan ɗauki kwando ya ce, "Saki. Ni zan kai ta."

Likita ya cire haƙorin, ya wanke gyambon, ya ɗaure ƙafar. Bayan mako biyu ina tsakar gida na ji Baba yana faɗa, "Ɓarauniya! 'Yar banza mara kunya!" Na ruga, na tarar Toka ta sure kifi daga kwanonsa, shi kuma ya kare sauran da hannu yana ci da sauri don kada ta dawo. Na koma madafa na yi kuka har na gode wa Allah.

Tun daga nan Talatar farko ta zama ta Baba. Ya yi wanka, ya sa hula, ya ɗauki kwando. A bakin Kawu "Maigida" ya koma "Yaya", su zauna a bencin shago suna musu a kan labaran rediyo har Toka ta bushe. Yanzu shekarunta goma sha bakwai, tana tafe tana rangaji kamar mai gidan, amma gashinta ko ƙulli ɗaya babu.

A bana sanyin ƙashi ya kama yatsun Kawu. Wata rana almakashi ya kuɓuce masa a gefen kunnen wani kare. Bai yanki komai ba, amma ya ce ya isa haka, ba zai jira ranar da zai yanka ba. Babbar 'yarsa, wadda ta gaji hannun har da rufe idon, ita za ta ci gaba da shagon. Ya zaɓi Talatar farkon watan jiya ta zama ranarsa ta ƙarshe, na raka Baba.

Da ya gama taje Toka, sai ya riƙe matajin yana juya shi. Ya ce, "Yaya, akwai maganar da na riƙe shekara shida. Yau na ajiye aiki, bari in ajiye ta ita ma. Zuwan marigayiya na ƙarshe, a nan inda kake zaune ta zauna. Ta rame ƙwarai. Ta ce min, 'Likita ya gaya min abin da ya gaya min. Yara kowa da gidansa. Tsohon nan kuwa ko za a yanka shi ba zai ce kaɗaici ya dame shi ba. Wannan kyanwar zan bar masa. In ka ga an daina kawo ta, ka bi sawu. Kuma kada ka gaya masa, zai ce wayo na yi masa.' Ban yi dabarar tambayar kwatancen gidan ba. Watan farko na ce ko tafiya aka yi, na biyu na ji nauyin shiga gidan mutane. Na makara, Yaya. Har yau abin yana cina."

Baba ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Sannan ya yi wata dariya da hawaye a cikinta.

"Ai kuwa wayon ta yi min," in ji shi. "Shekara arba'in da biyar matar nan tana aike na. Ashe ba ta daina ba."

Kawu, ba ka makara ba. Kai ne ka taka layi-layi da ƙafarka saboda alkawarin da babu shaida a kansa sai kyanwa. Na yi maka dariya shekara da shekaru, ka biya ni da ƙarin shekara shida na ubana a zaune yana cin abinci yana faɗa. Ka yafe min, kuma na gode. Allah ya huta da gajiya, ya sassauta wa yatsun nan, ya sa 'yarka ta fi ka.

Ku kuma masu kare a ƙofar gida da masu kyanwa a kan kujera, kada ku yi irin wautarmu. Dabba ba ta da bakin faɗin inda ke mata ciwo, gashi kuma yana rufa wa cuta asiri. Ku riƙa kai su a kai a kai wurin wanda ya san aikin, tun kafin su kwanta. Masu irin wannan sana'a da ake rainawa, ku riƙe ta yadda Kawu ya riƙe tasa.

Jiya na shiga gida na tarar da Baba yana goge takalmi, kwando a gefensa. Na ce, "Baba, Talatar fa sai jibi, kuma Kawu ba ya nan."

Ya ce, "Na sani, Auta. Amma wadda ta aike ni ba ta ce in dawo ba tukuna."