Mai Koya wa 'Ya'yan Mutane Faɗuwa

Shekara talatin da ɗaya ke nan, kafin raɓa ta bushe a Ampitiya, Karunadasa Wijekoon yana filin wasa da tsohon bokiti yana tsince duwatsu da fasassun kwalabe. Sai ya gama zai sha shayi da gurasar kwakwa a rumfar Selvarani, ya jira yaransa na zari-ruga, 'yan shekara bakwai zuwa goma sha biyu.

Duk yaron da aka kawo masa, wata uku zai yi bai taɓa ƙwallo ba. Faɗuwa kawai ake koyo: ina za ka sa kai in ka rungumo ƙafar abokin karawa, yaya za ka sauka kan kafaɗa. Iyaye su tsaya a gefe suna tsaki.

"Mun kawo su su ci kofi, kai kana ta birgima da su cikin taɓo!"

"Kofin ai ba ya gudu," in ji shi. "Wuya kuwa guda ɗaya gare su."

Kai ne, Karunadasa, manyan makarantun Kandy ke kwashe wa yara da sun kai sha uku. In an yi hira da su a jarida, sunan wani kocin suke kira, kai kuma ka yanke hoton ka manna a bango.

A wasan ƙarshe na bana aka yi ta. Yasiru, wanda ya fi kowa gudu, ɗan Abeyratne shugaban kwamitin ƙungiyar, ya bugu da kai a ƙasa. Ya miƙe yana murmushi. Selvarani tana kusa, ta ce da kunnenta ta ji abin da Karunadasa ya ce wa yaron.

"Putha, ɗana, dube ni. Me ka ci da safe?"

Yaron sai ƙifta ido yake yi.

"Fito."

Uban ya tsallako igiya. "Ka haukace? Ga mutanen babbar makaranta can sun zo ganinsa! Minti bakwai ya rage!"

"Mahattaya, ranka ya daɗe, yaron bai san me ya ci ba."

"Ni ma ban san me na ci ba! Ɗanka ne ko ɗana? Mayar da shi, ko ka nemi wani filin."

Karunadasa ya san ba wasa mutumin yake ba, kuma ba shi da wani filin. Ya zaunar da yaron a inuwa, ya tsaya a gabansa kamar kaza kan ɗan tsako har aka busa tashi. Aka cinye su.

Sati biyu sai ga takarda. Kwamiti na godiya, lokacin hutu ya yi, an samo matashi mai shaidar kwas. An ci moriyar ganga. A walimar sallama aka miƙa masa agogon bango, Abeyratne ya ce tsufa ya sa zuciyar malam ta yi laushi, mutane suka yi dariya har da tafi. Cikin masu tafin akwai ƙarti da shi ya koya musu ɗaure takalmi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne hujjarsu. Yasiru ya warke sarai, yana gudunsa. Shi suke nunawa su ce, "Ga shi garau! Da ma ba komai, tsohon ne ya ja mana asara." Me suke so su gani kafin su yarda? Keken guragu?

Mun gode, Karunadasa, uban 'ya'yan wasu. Ba ka da kofin bana, ba ka da fili, kuma ba wanda zai zo ba ka haƙuri. Ku da aka damƙa wa yaran mutane, ku yi koyi da shi. In dai korar ce, a kore ku a kan laifi irin nasa: yaro ya koma wurin uwarsa da ƙafarsa.