Fuskarsa da Sunan Wani

Da tiyo suka fara dukansa, baƙin tiyon ban-ruwa da aka yanka daidai tsawon hannu. Ina zaune a bayan a-kori-kura ina kallo. Katin da ya jawo masa dukan kuwa ni na buga shi.

A shekarun ne da hukumar Libiya ke ta shelar cewa Afirka gida ɗaya ce, kowa ya zo. Muka zo kuwa. Taswirar Afirka tana kan kowane allo a Sabha, amma a bawwaba, shingen bincike na kan hanya, takarda ake tambaya. Ni na sami aiki a wani shagon hoto a unguwar Hajara, wurin wani ɗan nan yankin Fezzan, baƙi kamar ni, mai Hausar kasuwa. Ya ɗauke ni don na iya kwamfuta. Wani tsohon yaren rubuta manhaja na koya a Kano daga littafin da ko bango ba shi da shi, amma yadda nake ji da kaina ka ce ni na ƙera injin.

Wata rana wani mai gona a ƙauyen Samnu ya kwaso leburorinsa, mutum talatin da wani abu, yawancinsu 'yan Nijar, a ɗauke su hoto a buga musu katin aiki. Mai shago ya ɗauki hotunan, ya ajiye kowanne a kwamfuta da sunan mai shi da Larabci. Manhajar da ke buga katin kuwa lamba kawai ta sani: hoto na ɗaya ya hau suna na ɗaya a jerin da mai gona ya bayar, na biyu ya hau na biyu. Dole a sauya sunan kowane fayil ya koma lamba. Mai shago ya ce in bi su ɗaya bayan ɗaya da hannu, in karanta, in duba jeri, in sa lamba. Na yi masa dariya, na ce wannan aikin daƙiƙai ne, ni layi goma zan rubuta a wuce wurin.

Na rubuta, na danna. Ashe yaren nan nawa ya girmi yunikod, tsarin da ya ba kwamfuta damar riƙe haruffan kowace al'umma. Boko kawai ya sani. Duk sunan da ya ɗauko sai ya mayar da shi jerin alamun tambaya, sannan ya ce min babu fayil mai wannan suna. Na zage shi, na zagi wanda ya ƙirƙiro shi, na naushi tebur har linzamin kwamfutar ya faɗi. Wuni biyu ina fama da aikin awa guda, mai shago yana wucewa yana tambayata ko layi goman sun cika.

Daga baya na gano kwamfuta tana ɓoye wa kowane fayil wani gajeren suna na boko da lambobi, wanda tsohon yarena ke iya kamawa. Na umarce shi ya bi su yadda suka zo yana sa musu lamba. Kafin in ajiye kofin shayi ya gama. Na gwada uku na farko da na asali, daidai. Ban duba sauran ba, ban kuma tambayi kaina ko jerin da kwamfuta ke miƙo su shi ne jerin mai gona ba. A wurare kaɗan ba shi ba ne.

Ranar Juma'a da safe na kai katunan Samnu da kaina, don ina son a yabe ni. Na zube su kan tabarma, kowa ya leƙa ya ɗauki fuskarsa. Haka ake yi dama, babu mai tsayawa karanta ƙananan rubutu bayan ga fuskarsa tana kallonsa. Cikinsu akwai wani dattijo ɗan Damagaram, mai hawan dabino, da kowa ke kira Baba. Ya goge katinsa da hannun riga, ya cika min aljihu da dabino, ya ce Allah ya ƙara basira. Da hantsi wasunsu suka hau motar gonar zuwa gari don masallaci, na bi su.

A bawwaba aka ce kowa ya miƙo kati. Baba ya yi jinkirin zaro nasa daga lalita, shi ya sa aka sauko da shi. Wani mai bindiga ya riƙe katin ya tambaye shi sunansa. Ya faɗa. Mutumin ya karanta na jikin katin da ƙarfi, sunan wani ne daban. A take na san abin da ya faru.

Tiyon farko a gadon baya ya sauka, rigarsa ta tsage. Aka sake tambayarsa, ya sake faɗin sunansa, don ba shi da wani. Kowace amsa da nata dukan. Da ya faɗi ƙasa suka koma da takalmi, a haƙarƙari, a ciki, a wuya. Ya ɗago hannu yana rantsuwa da Hausa, wani cikin masu dukan ya sa masa gindin bindiga a baki. Na ji ƙarar haƙoran daga inda nake. Direbanmu ya je roƙo, aka kashe shi da mari ya dawo yana dafe da kunne.

Duk motar babu wanda ya kai ni Larabci. Magana ɗaya ce: ni na buga katin, kuskurena ne. Amma na san wanda ya buga katin da bai dace ba shi ne mai jabun takarda, kuma na san inda ake kai irinsu. Tsoro ya kama ni. Na sunkuyar da kai, na riƙe tawa takardar gam, har suka ja shi zuwa bayan rumfarsu.

Kwana biyu mai gona ya yi yana zirga-zirga kafin a sako shi. A rana ta uku direban ya faɗo shago yana haki. Ya ce sunan da ke katin Baba na mai gyaran famfon gonar ne, wanda suka taɓa samun saɓani da Baba a kan ruwa, kuma leburori sun yanke cewa mai famfon ne ya haɗa wannan sharri. Mai shago ya dube ni, ya ce: "Kai tafi yanzu, kai gaya musu. Ko ni tafi, ni gaya."

Na iske sun ɗaure mai famfo a gindin dabino. Wani ya riga ya karya masa hannu da ƙotar shebur, fuskarsa jina-jina, yana ta cewa shi ko karatu bai iya ba. Na tsaya a tsakiyarsu na faɗi komai. Ban gama bayanin fayil da lambobi ba naushi ya same ni a hanci. Na biyu ya kai ni ƙasa, na ji ƙafafu ta ko'ina, kuma wallahi ban kare ba, har wani sauƙi na ji.

Baba ne ya tsayar da su. Yana kwance kan tabarma a inuwa, an ɗaure masa muƙamuƙi da rawani, sai ya buga ƙasa da tafin hannu har suka bari. Ya yafito ni. Na rarrafa na durƙusa a gabansa, na ce ya yafe min, injin ne ya juya jerin ni kuma ban duba ba.

Maganarsa da ƙyar take fita, sai da na kai kunne.

"Malam, kuskure kowa na yi. Wannan na bar ma."

Na fara godiya, ya girgiza kai.

"Ran nan a bawwaba, kana cikin motar?"

Na ce ina ciki, Baba.

"Ka san ba ƙarya nake ba?"

Na ce na sani.

Ya daɗe yana kallona da idon da bai kumbura ba. Sannan ya ce a kwance mai famfo a kai shi wurin mai ɗori, ya juya min baya a hankali saboda haƙarƙarinsa.