Jan Tuwon Inna Falta

Inna Falta 'yar Borno ce, amma tun tana amarya aka kawo ta wani ƙauye a bayan Tofa, inda mijinta Malam Bunu ke noman dawa da gyaɗa. Ni maƙwabciyarta ce, dangar kara ce kawai tsakaninmu. Mace ce da ba ta zubar da abinci, ko ƙanzo ne sai ta jiƙa shi.

Wata damina ta buɗe kwanon tuwon da aka manta da shi, ta ga jan ɗigo-ɗigo a kai kamar an yanka kaza a kusa. Mu mata muka ce sammu ne, ka san mu da saurin yanke hukunci. 'Yarta Kaltum, mai karatu a jami'a, ta ce ƙwayoyin cuta ne masu fitar da jan launi. Ta ɗiba a kwalba ta tafi da shi makaranta.

Can ita da malamanta suka tace launin, suka ɗiga wa ƙwayoyin ciwon daji da suke raino a farantin gilashi. Ƙwayoyin suka mutu. Kaltum ta dawo da murna, ta ba kowa labari. Lokacin kuwa likita ya riga ya ce daji ne a hanjin Malam Bunu.

Falta ta nufi madafa. Ta tuƙa tuwo ta ɓoye a ƙarƙashin rumbu har ya yi ja. Ran Juma'a Kaltum ta iso daga makaranta ta tarar tana dama shi za ta kai wa malam.

"Inna, me zan gani haka?"

"Maganin da kika faɗa. Ba ke kika ce yana kashe shi ba?"

"A faranti, Inna! Da muka ƙara yawansa, har lafiyayyun ƙwayoyi ya kashe. Ba mu san abin da jikin mutum zai iya ɗauka ba tukuna."

"To yaushe za ku sani?"

Kaltum ta miƙa hannu. Ta karɓi kwanon, ta haƙa rami ta binne tuwon don kar kaji su ci.

Malam Bunu ya rasu kafin a yanke dawa, Allah ya jiƙansa. Uwa da 'ya sun daɗe ba sa haɗa ido, kuma wallahi sun ba ni tausayi.

Yanzu Falta ta tsufa, an bar mata tsinkar zogale da gadin shanya. Amma har gobe in tuwo ya yi ja, takan ƙulle shi a leda ta ba mai babur ɗin da ke zuwa Rijiyar Zaki, kusa da jami'ar, ya kai wa Kaltum da har yanzu ke kan binciken.

"Ka ce su hanzarta," takan ce masa. "Akwai mazan wasu a kwance."