Masta Napari da Filin da Ya Riƙe da Ƙafarsa

Ranar Litinin ce, farkon damina, 'yan shekaru bayan Gana ta sami 'yancin kai. An kwana ana ruwa, gari ya waye da yayyafi, ƙasa ta yi laushi. A ranar aka jera ɗaliban farko na kwalejin horon malamai ta Bulyili, aka miƙa wa kowa gatari ko adda, aka nuna musu wani daji a bayan ɗakunan kwana, aka ce nan ne filin wasa. A cikinsu akwai wani siririn saurayi, Ziblim Napari, wanda ya zo daga ƙauye da akwatin katako a ka. Shi ne dattijon da duk Bulyili ke kira Masta, wanda a makon nan ya ajiye usur ɗinsa.

Har zuwa makon jiya, duk wanda ya bi ta bayan kwalejin da sassafe zai gan shi. Bokitin toka a hannu ɗaya, sanda a ɗayan, yana jan ƙafar hagu, yana bin layukan tsere yana zuba toka inda ruwa ya wanke. Matan da ke dafa man kaɗe ne ke tara masa tokar. Gwamnati ta sallame shi tun tuni, amma ba wanda ya yi ƙarfin halin gaya masa cewa sallamar ta shafi filin. Mu da muka bar aji da wuri, muka koma leƙe ta bayan waya, bai taɓa korar mu ba. Sai dai ya ɗaga murya ya ce, "Kai mai dogon wuya! Kallo kake saye? Shigo ka zaga."

Tsofaffin da suka san shi da ƙuruciya har yau ba su daidaita a kan wasan da ya fi iyawa ba. Ɗalibai ba su da yawa a lokacin, dole mutum ɗaya ya zama biyar. A gasar kwalejoji a Tamale, Napari zai yi tsere da safe, ya yi dogon tsalle da hantsi, ya ɗauki sandar hoki bayan azahar, da yamma kuma ga shi a gefen dama a ƙwallon ƙafa, ba takalmi. Har dambe ya yi, sai da mahaifiyarsa ta ga hancinsa ta hana. Da ya gama karatu wata ƙungiyar ƙwallo a kudu ta aiko a tafi da shi. Ya ce to wa zai koya wa na baya? Ya zauna a kwalejin yana koyar da wasanni.

Amma abin da ya sa na ɗauki biro ba kofunansa ba ne. Shekarar yunwa ce.

Filin nan ba saye aka yi ba. Goro aka kai wa gidan su wani manomi, Azindo, suka ba da aron ƙasa, kamar yadda ake yi a Bulyili. Muddin ana aiki a kanta, ta wanda aka ba ce. In damina ta same ta a zaune, masu ita suna iya sa garma, kuma inda mutum ya shuka ya girbe, ba a ƙara ɗaga shi. A shekarar, fari ya ƙone gonaki, gobarar daji ta cinye abin da ya rage, kwaleji ta sallami ɗalibai don ba abin da za a dafa musu. Da ruwa ya dawo, fili na nan shimfiɗe, ba ƙafar kowa a kansa.

Azindo sa'an Napari ne, tare aka yi musu kaciya. Ya zo da 'ya'yansa manya, kowa da garma a kafaɗa, ya tarar da Napari a tsakiyar fili da bokitinsa.

"Masta, matsa kada mu yi kunyar doya da kai," in ji Azindo.

"Sai dai ku yi. Da hannuna na tuge kututturan wurin nan, kana can kana kiwon zabi."

"Zabin ma an cinye. Gidana yau kwana nawa ganye ake tafasawa. Ƙwallo za mu ci?"

Aka tafi gaban sarkin gari, aka durƙusa, aka gaisa. Sarki ya saurari kowa, sannan ya ce ƙasar da ake aiki a kanta ba a taɓa ta. "Amma Masta, yaranka sun tafi. Wa ke gudu a wurin?"

"Ni, ranka ya daɗe."

Fada ta fashe da dariya. Sarki bai yi ba. Ya ce to, gudun mutum ɗaya yana riƙe iya inda ƙafarsa ta taka. Hanyar tsere da filin ƙwallon da ke cikinta na kwaleji ne, muddin kullum rana ta fito ta same shi yana zagawa har ɗalibai su dawo. Filin hoki da ramin tsalle kuwa suna waje, Azindo ya shuka.

Filin hoki bai isa ya ciyar da gidan Azindo ba, Napari kuma ya sani. Yana da gona a bakin rafi, wadda ya gada. Ya koma gida ya gaya wa matarsa, Mma Sanatu, cewa zai ba su ita su noma. Mma Sanatu tana raye, ita ta ba ni wannan da bakinta.

"Na ce masa, kai kam a cikin mahaukatan malamai ma na gaba ne. Za ka ba da inda masara ke fita, ka riƙe inda gumi ke fita? Ya ce, Sanatu, in aka nome filin nan sau ɗaya, ya tafi ke nan har abada. Na ce gonar ma haka. Ya ce ya sani. To me zan ce? Na zuba masa koko, ba sukari, don ya ji a jikinsa."

Haka aka shiga daminar. Mutum ya ba arba'in baya, cikinsa ba komai sai ruwan koko, yana zagaya fili cikin taɓo shi kaɗai. Azindo na zaune a bakin masararsa, shi ne shaida, yana jifansa da magana.

"Masta, wa ka wuce yau? Na ga ƙadangare ya sha gabanka a kwana!"

"Ka zo ka gwada mana, ciki kamar tulu."

"Wane ciki? Yunwa ta kwashe shi tun bara."

Wata safiya a tsakiyar damina, ƙafarsa ta shige wani rami da ruwa ya rufe. Mutanen da ke tafiya gona sun ce sun ji ƙarar gwiwar. Ya yunƙura ya tashi, ya sake faɗi. Bai ko kai rabin zagaye ba. Kowa ya san abin da wannan ke nufi, garmunan kuma na nan jingine a kusa. Azindo ya zo ya tsaya a kansa, ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya juya ga 'ya'yansa.

"Me kuke kallo? Ku tashi ku zaga."

Babban ya ce, "Baba, wannan gudun namu ne ko na kwaleji?"

"Na ubanka ne. Yi gudu!"

Su suka riƙa zagawa kullum kafin su shiga gona, Napari na zaune a kan kujera da ƙafa ɗaure da karare, yana busa musu usur, yana zagin yadda suke jefa hannu. Har aka yi girbi, ɗalibai suka dawo, suka tarar da layukansu farare.

Masta, kai ne ka riƙe wannan wuri. Kai ne ka tsaya lokacin da tsayawar ta zama abin dariya. Malaman da ke koyar da wasanni a makarantun yankin nan, maza da mata, da wuya ka sami wanda bai sha tsawarka a filin nan ba. Ba allo mai sunanka a ko'ina, ko a jikin turken raga. Mun gode, Masta. Allah Ya ƙara wa gwiwar sauƙi, Ya saka wa Mma Sanatu da ta jure ka. Ku kuma da ke da fili a makarantarku, yau ana yanka shi ana yin shaguna kuna kallo, ku zo Bulyili ku gaishe shi tun yana iya ba ku labari da bakinsa.

Da na je gaishe shi na tambaye shi abin da ya rasa tun daga waccan daminar. Ya lissafa da yatsu, ba tare da ya sauya murya ba. Filin hoki, wanda tun daga lokacin ba a ƙara buga hoki a Bulyili ba. Ramin tsalle. Gonar bakin rafi, jikokin Azindo ke noma ta yanzu. Gwiwa ɗaya. Sai Azindo kansa, da aka binne bara.

"Shi ke nan," in ji shi. "Sauran na nan."