Mai Askin da Ba a Taɓa Kayarwa Ba

A layin ana kiransa Ƙarshen-zance, kuma shi bai taɓa musa sunan ba. Mai aski ne. Shagonsa kujera biyu ne, da madubi mai tsagewa a gefe, da bencin da masu jira ke zama suna gardama. Tun yana saurayi ya gano cewa duk gardamar duniya karin magana ke kashe ta, matuƙar kai ne ka faɗa a ƙarshe.

Idan direba ya zo yana kukan mai mota ya matsa masa, sai ya ce, "Mahaƙurci mawadaci." Idan direban ya ce to zai ci gaba da haƙuri, sai ya ce, "Zomo dai ba ya kamuwa daga zaune." Wani malamin makaranta ya taɓa tambayarsa wanne ne gaskiya a cikin biyun. Ya ɗaga haɓar malamin, ya ɗora aska a maƙogwaronsa, ya ce duka biyun. Malamin ya gamsu nan take. Mai aski ya ɗauka hikimarsa ce.

Kujera ta biyu ta autansa ce, wanda yanzu ya kai magidanci, kuma kan matasan layin duk a hannunsa yake. Sai hannun uban ya fara rawa. Ya yanki kunnen tela, ya ce telan ne ya motsa. A gida kuwa matarsa ta ga yadda shayi ke zuba kafin ya kai baki.

Ranar da autan ya ce ya samu shago a wani gari mai nisa, ta tare mijin a bakin ƙofa.

"Malam, ka ce masa hannunka ya gaza, ya zauna. Yaron nan jira yake ka faɗa."

"Na san yadda zan ɓullo masa."

"Abin da nake tsoro ke nan."

Da hantsi benci ya cika. Autan na wanke almakashi, uban ya yi gyaran murya.

"Kowa ya bar gida, gida ya bar shi."

"Baba, kai ka ce wa ɗan tela tafiya mabuɗin ilimi."

"Wannan na ɗan tela ne."

"To nawa wanne ne? In akwai magana, Baba, ka faɗe ta kawai, ina ji."

Autan ya ajiye almakashin, ya kalli hannun uban da ke ɓoye cikin aljihu. Maganar na nan a bakin mai aski, gajeriya, ba ta da ado ko kaɗan. Amma mutanen benci na jiran su ga ko yau za a kayar da Ƙarshen-zance, a shagonsa, kuma a hannun ɗan cikinsa.

"Abin da babba ya hango," in ji shi, "yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

Benci ya ɗauka da shewa. Direba ya ce wa autan, "Yaro, sai ka sake shiri." Autan ya yi murmushi, ya ce lallai Baba ya fi shi, ya naɗe injin askinsa cikin tawul.

Matasa suka bi wani shagon. Dattawa suka daure na ɗan lokaci, sai su ma suka fara cewa gashin bai taru ba tukuna. Masu benci dai ba su daina zuwa ba, don inuwar kyauta ce. Har yanzu suna gardama ko karin maganar rimi ta dace da ɗan da ya riga ya haihu. Tela ya ce ta dace, malamin makaranta ya ce an yi ta ne don yara masu hawan bishiya.

Autan kan kira wayar uwarsa, ita kuma takan miƙa wa mijin, ta tsaya a kansa.

"Baba, yaya hannun?"

"Hannu lafiya lau. Wa ya ce maka wani abu?"

"Babu kowa. Aiki fa?"

"Sai godiya. Sannu ba ta hana zuwa."

Autan ya san ragowar maganar, amma ba ya ƙarasa ta. Matar takan karɓi wayar da hannu biyu kada ta faɗi. A kan kujera ta biyu yanzu ake shanya tawul.