Sunan da Na Ba Ƙasar Azzalumai

Shekarun baya, lokacin ina ɗinki a Kasuwar Kwastam a nan Borno, na kamu da rubuta labarin wasu ƙasashe biyu da babu su a duniya. Firamare kawai na yi, saboda haka idan na cika littafi sai in kai wa maƙwabciyarmu a unguwar Dala, wata malamar makaranta 'yar kudancin Borno, ta gyara mini.

Ni mutum ne mai fargaba, ko aljihu na ɗinka sai na duba sau uku. Da zan raɗa wa ƙasar azzalumai suna, masu ƙona rumbunan mutane a labarin, kwana huɗu na yi ina juya harshe har wani suna ya faɗo mini. Na tambayi Barebari biyu da wani Shuwa, suka ce ba su taɓa jin sa ba. Na yi hamdala.

Malama ta kai shafi na biyu, sai ta cire tabarau.

"Tela, ina ka samo sunan nan?"

"Daga kaina, Mama."

"To kan naka ya taɓa zuwa tasha. Sunan ƙauyenmu ne. Da can kullum 'yan kamasho na kiran sa, kafin motoci su daina zuwa."

Nan na gane abin da na yi. Ƙauyen da aka ƙone, su Malama suka gudo da kayan jikinsu kawai, shi na mayar garin masu ƙonawa. Na kai hannu zan yage littafin, ta make ni da biro.

"Kai, bari! Takarda me ta yi maka?"

Kwana uku ina zagayawa ta bayan layi don kada mu haɗu. A na huɗu ta zo shago da kanta. Ta soke sunan ko'ina, ta mayar da shi kan wani ƙaramin gari inda jarumin ya tsaya shan ruwa.

"Nan za ka bar shi," in ji ta. "Akwai tsamiya a bakin rijiyarmu. Ka sa ta."

Na sa.

Tun daga nan na gane abin da nake zaton na ƙirƙira, sau da yawa kunnena ne ya tsinto a hanya, kuma yana da masu shi. Yanzu ba waɗanda nake zama da su kaɗai nake tambaya ba.

Malama ba ta koma ƙauyen ba har yau. Amma wani lokaci takan zauna a bencin shagona ta ce, "Tela, karanta mini wurin rijiyar nan."